Fentin mai na Winton da tuffar Cézanne: inda ya kai da inda ya gaza

Mai son koyon zanen 'ya'yan itace irin na Paul Cézanne abu biyu yake nema wurin fenti. Ya tsaya inda burushi ya ajiye shi, sannan launinsa ya riƙe ƙarfi idan an haɗa shi da wani. Winton, fentin mai da kamfanin Winsor & Newton ke yi domin ɗalibai da masu cin fenti da yawa, ya cika sharaɗin farko cif. A na biyu kuwa sai an bi shi bututu-bututu, domin wasu launukansa ba su da makusa, wasu kuma su ne za su hana tuffar nuna.

Kamfanin tsoho ne, a Landan aka kafa shi a 1832. Yana da fentin ƙwararru mai suna Artists' Oil Colour, Winton kuma shi ne na ƙasa da wannan, ana samunsa a bututun mililita 37 da na 200. Sauƙin kuɗinsa ya samo asali ne daga garin launin da ake zubawa a ciki: inda garin asali ke da tsada, kamar kadmiyam da kobal, sai a maye shi da mai araha wanda ya yi kama da shi a ido, a rubuta kalmar Hue a ƙarshen sunan. Duk wanda zai sayi Winton ya fara koyon ganin wannan kalma a jikin bututu, domin rabin labarin yana wurinta.

Kafin a auna fentin, a san aikin da ake son ya yi. Cézanne ɗan Aix-en-Provence ne a kudancin Faransa, an haife shi a 1839, ya rasu a 1906, kuma yana cikin masu zanen da Roger Fry, masanin zane ɗan Ingila, ya tara ayyukansu a baje kolin Landan na 1910, inda sunan Fos-Imfireshinis, wanda ake kiran salon zanensu da shi, ya samo asali. A dubi zanensa na tuffa da lemo na wajen 1899 da ke gidan tarihin Orsay a Paris, mai santimita 74 a tsaye da 93 a kwance, ko kwandon tuffa na wajen 1893 da ke gidan tarihin Art Institute of Chicago. Idan aka matsa kusa da tuffa guda, za a ga ba a zana ta da ja ɗaya da aka yi ta duhuntawa da baƙi ba. Gajerun shafe-shafe ne jere da juna, yawancinsu sun karkata gefe guda, kowanne da launinsa: rawaya a inda haske ya fi bugawa, ruwan lemo kusa da shi, ja, jan garura, sai kore ko shuɗi-shuɗi a inda ƙwallon ya juya baya. Canjin launi ne ke mulmula tuffar. A wata wasiƙa da Cézanne ya rubuta wa mai zane Émile Bernard a 1904, ya ce a jikin lemo ko tuffa ko kan mutum akwai wuri guda da ya fi kusa da idon mai kallo, gefuna kuma suna guduwa baya daga nan. Shafe-shafen nan aikinsu ke nan, su kai ido daga wannan wuri zuwa gefe mataki-mataki.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da fenti mai ruwa-ruwa. Idan shafi na biyu ya narke cikin na farko, mataki ya ɓace. A nan Winton ya ci a yaba masa. Ya ɗan fi na ƙwararrun tauri, kuma kaurinsa kusan ɗaya ne daga wannan bututu zuwa wancan, alhali a fentin ƙwararru kowane launi da halinsa, wani ya yi danƙo, wani ya yi laushi kamar man shanu. Ga mai koyo wannan daidaito babbar riba ce: hannu ba ya sake lissafi duk lokacin da ya canja launi. A ɗebi fentin yadda ya fito daga bututu da burushi mai faɗin baki, mai taurin gashi, faɗin milimita 6 zuwa 10, a ajiye shafi mai tsawon santimita ɗaya da rabi ko biyu, za a ga gefensa ya tsaya tsaf, sawun gashin burushin ma na nan. Burushin gashin alade shi ne aka saba da shi a wannan aiki, amma na roba mai tauri yana yin daidai da shi. Mai laushin gashi ne bai dace ba, domin yana lailaye sawun da ake nema.

Sai batun launuka. Bernard ya ziyarci Cézanne a 1904, ya kuma rubuta launuka 18 da ya gani a allon haɗa fentinsa: rawaya 5, ja 6, kore 3, shuɗi 3, da baƙi 1. Kusan kowannensu yana da takwara ko makwafi a jerin Winton, sai dai ba duka suke tsayawa a matsayin na asalin ba.

Launukan ƙasa ba su da matsala. Yellow Ochre, Raw Sienna, Burnt Sienna da Light Red daga tsatsar ƙarfe ake samunsu, garinsu ba shi da tsada, don haka babu dalilin maye su da wani abu. Su ne ke ɗauke da tebur, da bango, da ɓangaren tuffar da ba ya cikin haske sosai, kuma babu buƙatar kashe kuɗi a kan na ƙwararru dominsu. Haka French Ultramarine, mai lambar garin launi PB29, da Prussian Blue mai PB27. Shuɗin farkon nan shi ne ginshiƙin zanen: da shi ake jan layin gefen 'ya'yan itace, da shi ake yin inuwar farin ƙyalle, kuma idan aka haɗa shi da Burnt Sienna kashi ɗaya-ɗaya yana ba da duhu mai rai wanda ya fi baƙin bututu kyau a ƙarƙashin faranti. Na Winton yana yin duk wannan ba tare da gardama ba.

Wahalar tana wurin ja da rawaya masu haske, kuma su ne ran tuffa da lemo. Jan da Cézanne ya dogara da shi, bamiliyan, gari ne mai nauyi da ke rufe abin da ke ƙarƙashinsa da shafi ɗaya. Kadmiyam na gaskiya, wanda ya gaje shi a allon masu zane, shi ma haka yake. Vermilion Hue da Cadmium Red Hue kuwa daga garin launi na zamani marar nauyi aka yi su. A bakin bututu jansu ya yi wur, amma sun fi shara-shara. Abu uku ke biyo bayan haka. Na farko, idan aka ɗora shafin ja a kan kore ko shuɗin da bai bushe ba, na ƙasan yana leƙowa, jan ya koma ruwan ƙasa. Na biyu, mai zane yakan ga bai rufe ba sai ya koma ya sake shafawa, kuma komawar nan ce ke dagula launin. Na uku, da an taɓa shi da fari sai ya zarce zuwa ruwan hoda mai sanyi, irin na alewa, alhali kadmiyam na gaskiya idan ya sha fari yana komawa ja-ja mai ɗumi, wanda ya fi kama da fatar tuffa. Rawayan ma haka ne: Cadmium Yellow Pale Hue yana da tsabta, yana haɗa kore mai kyau, amma ba ya iya zama a kan duhu ya haska shi kaɗai. Ƙyallin da ke saman lemon tsami, wanda ya kamata shafi ɗaya mai kauri ya gama da shi, sai ya nemi biyu ko uku.

Wannan gazawa ta gaske ce, kuma ba ƙwarewar hannu ke kawar da ita duka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi bututu biyu kacal na ƙwararru, jan kadmiyam mai haske mai lamba PR108 da rawayan kadmiyam mai lamba PY35, a bar sauran allon a Winton. Suna haɗuwa da juna lafiya, tunda duka fentin mai ne. Ƙaramin bututu yana daɗewa, domin a wuraren haske kawai za a sa su. Kadmiyam dai guba ne idan ya shiga ciki: ba a cin abinci da shi a hannu, ba a kuma goge busasshensa da takardar yashi har ya tashi ƙura. Wanda ba zai ƙara ko bututu ɗaya ba, to ya canja tsarin aikinsa: ya bar wurin hasken tuffa fari fat tun daga farko, kada ya bari shuɗi ko kore su taɓa shi, ya ɗora ja da rawaya kai tsaye a kan farin kanbas. Fenti mai shara-shara a kan fari yana haske ƙwarai. A kan duhu ne yake mutuwa.

Kore yana da nasa tarkon, kuma kishiyar na ja ne. Koren da Faransawa ke kira vert émeraude a jerin Bernard shi ne biridiyan, mai lamba PG18, kore mai sanyi, marar ƙarfin rini, wanda ke shiga cikin haɗi a hankali. Viridian Hue na Winton kuwa koren fitalo ne, PG7, kuma rininsa ya ninka na asalin nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗebo shi da yawan da zai ɗebi sauran launuka, to allonsa gaba ɗaya zai koma kore shar, har farin ƙyallen. A ɗebe shi da bakin wuƙar haɗa fenti, kimanin kashi 1 cikin 8 ko 10 na rawaya, sannan a karya shi da ɗan Yellow Ochre ko Burnt Sienna kafin ya hau kanbas. Wani koren na Cézanne, vert Véronèse, akwai sinadarin arsenik a cikinsa, an daɗe da daina yin fenti da shi, Emerald Green na yau suna kawai ya gada. Terre Verte kuwa rauninsa shi ne amfaninsa: ya dace da gefen tuffa inda ja ke sallamawa zuwa inuwa.

Fari ya cancanci a daɗe a kansa, domin a zanen Orsay farin ƙyallen ya cinye babban ɓangare na kanbas, kuma kusan babu inda yake fari zalla. Akwai shuɗi a lanƙwasarsa, akwai ruwan toka mai kore-kore, akwai ruwan hoda inda jan tuffa ya haska shi. A zamanin Cézanne farin darma ake amfani da shi, mai ɗumi, mai ɗan shara-shara, mai saurin bushewa, wanda ke barin launin da aka haɗa shi da shi ya yi magana. Titanium White ya fi shi rufewa da sanyi, kuma yana danne launi: ɗan kaɗan ya wuce kima sai haɗin ya zama kamar alli. Yawancin zanen tuffa na masu koyo da ake ganin ya yi fari-fari, kamar an barbaɗa masa gari, daga nan ciwon yake. Flake White Hue na Winton, wanda babu darma a cikinsa, ya fi dacewa da haɗi, haka ma Soft Mixing White. Idan Titanium White kaɗai ke akwai, a ɗumama shi tun a kan allo da Yellow Ochre kimanin kashi 1 cikin 20, a kuma riƙe doka guda: ba a haskaka ja da fari. Da rawaya ake haskaka shi, ko da Naples Yellow Hue, fari sai a ɗigon ƙyalli na ƙarshe. Zinc White kuma kada a sa shi da kauri ko a shimfiɗar ƙasa, domin yana bushewa da gautsi, yana tsagewa da tsufa.

Wanda ke son gwada fentin da kansa, ƙaramin aiki ya isa ya nuna masa duk wannan. Kanbas mai santimita 30 da 40, tuffa 3, lemo 1, farin ƙyalle, haske daga gefe guda kawai. An ruwaito cewa Cézanne yakan cusa sulalla a ƙarƙashin 'ya'yan itace don su karkata yadda yake so, kuma dabarar tana aiki har yau: tuffar da ta ɗan sunkuyo tana nuna ramin kanta, ramin nan kuma shi ke gaya wa ido inda ta fuskanta. A tsinka French Ultramarine da ɗan Sansodor ko wani abin tsinka fenti marar wari har ya yi kamar tawada, a ja gefuna da siririn burushi. Kada layin ya rufe da'ira. A bar shi ya yanke a gefen haske, ya ninku biyu ko uku a gefen inuwa, kamar yadda yake a zanen Cézanne.

Daga nan a ajiye burushi a ɗauki wuƙa. Ga kowace jar tuffa a haɗa tsibi 5 a jere a kan allo, kowanne kamar girman ƙwayar wake: rawaya mai ɗigon ja, ruwan lemo, ja zalla, ja da Permanent Alizarin Crimson kashi biyu da ɗaya, sai na ƙarshe wanda aka ƙara wa ɗan shuɗi. A gefe a ajiye tsibi 2 na kore, mai haske da mai duhu. Da wuƙa ake haɗawa, domin burushin da aka dama fenti da shi yana cika har gindi, ba ya ƙara ba da shafi mai tsabta. A ware burushi 3, ɗaya na rawaya da ja, ɗaya na kore da shuɗi, ɗaya na fari, kuma kada su yi musanya. A fara daga inuwa da fenti marar kauri, a taho wajen haske ana ƙara kauri. Kowane shafi a ajiye shi sau ɗaya, a ɗaga hannu, a goge burushi da tsumma, a ɗebo na gaba. Shafi 20 zuwa 30 sun isa tuffa mai faɗin santimita 7. Idan tsakanin shafi biyu ya yi tsalle da yawa, a haɗa launi na tsakiya a ajiye a tsakaninsu, kada a goga su su narke.

Idan launi ya koma taɓo, galibi ba laifin Winton ba ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Ja da kore kishiyoyi ne, duk inda suka cuɗanya sai ruwan ƙasa, ko da fentin da ya fi kowanne tsada aka yi aiki. Gefe da gefe suna ƙara wa juna haske, a cakuɗe suna kashe juna. Inda Winton ke da hannu shi ne launukan Hue da aka riga aka haɗa daga gari biyu ko uku. Idan aka haɗa irinsu biyu, an tara gari huɗu zuwa shida ke nan a tsibi ɗaya, kuma haɗin yana saurin dusashewa. Lambobin garin suna rubuce a jikin bututu, tare da ɗan murabba'in da ke nuna ko launin mai rufewa ne ko shara-shara. A fifita masu lamba ɗaya. Wurin da ya riga ya dagule kuma, a kankare shi da wuƙa har kanbas ya bayyana, a sake. Ɗora sabon fenti a kan taɓo taɓon yake ƙarawa.

Bushewa ba ta tafiya tare. Shafi marar kauri yana bushewa a taɓa tsakanin kwana 2 zuwa 12. Prussian Blue da Raw Sienna da launukan Umber suna kamawa cikin kimanin kwana 2, shuɗin ultramarin da Yellow Ochre da Titanium White wajen kwana 5, rawaya da ja na zamani kuma sukan wuce haka. Ma'ana wurin hasken tuffa, inda fentin ya fi kauri, shi ne zai fi daɗewa a jiƙe. Lokaci mafi haɗari shi ne sa'ad da fenti ya yi danƙo, bai jiƙe ba bai bushe ba: burushi yana yage shi. Ko a gama tuffa a zama ɗaya, ko a jira ta bushe sarai. Tuffar gaske tana jure mako biyu ko fiye a kan tebur, amma launinta yana canjawa, don haka ita ake fara gamawa, ƙyalle da bango su biyo baya. Ɗan Liquin, wani ruwan haɗi mai saurin busar da fenti, yana rage jira, sai dai yana sassauta fentin, kuma idan ya wuce kashi 1 cikin 5 yana kwantar da sawun burushin da aka sayi Winton dominsa. A kiyaye ƙa'idar mai-mai a kan marar mai: shimfiɗar ƙasa da abin tsinkawa, ta sama yadda ta fito daga bututu ko da ɗigon man linsid. Idan aka juya tsarin, ta saman tana riga ta ƙasan bushewa, ta tsage.

Wasu ƙananan abubuwa. Sabon bututu wani lokaci yakan fara zubo da mai kafin fenti. A matsa shi a kan kwali na minti 10, kwalin ya shanye rarar. Launuka masu duhu sukan dushe bayan sun bushe, musamman a kan kanbas mai shan mai, shafa ɗan mai kaɗan a goge yana dawo da su. Banish, wato man sheƙi da ake shafawa a kan zane don kariya, sai bayan wata 6 aƙalla. Tsumman da ya sha man linsid kuma ba a dunƙule shi a jefa a kwando, domin yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi ya bushe, ko a nutsa shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Wanda hankalinsa ya fi karkata ga Vincent van Gogh lissafinsa ya ɗan bambanta. Zanensa na 1887 na lemon tsami da inabi da wasu 'ya'yan itace, wanda ke gidan tarihinsa a Amsterdam, kusan duka rawaya ne a kan rawaya, har firam ɗin ya shafe da rawaya. Irin wannan aiki yana cin fenti, kuma a nan bututun mililita 200 yake da amfani, taurin Winton kuma yana riƙe tudun shafi. Amma zanen da ya dogara kacokan ga bambancin rawaya da rawaya shi ne ya fi tona raunin launukan Hue, domin ana buƙatar kowane rawaya ya rufe na ƙarƙashinsa. Akwai dai riba guda: rawayan kurom da Van Gogh ya yi aiki da shi ya yi duhu a wasu zanukansa, wani jan nasa kuma ya koɗe, alhali Chrome Yellow Hue ba shi da kurom ɗin da ke jawo haka. A duba harafin dawwama a jikin bututu, AA ko A, a kuma guji tudun da ya wuce milimita 2 ko 3 a shafi ɗaya, domin samansa yana bushewa ya yamutse alhali cikinsa na nan a jiƙe.

Ga allon da ya isa wannan aiki: daga Winton a ɗauki French Ultramarine, Prussian Blue, Viridian Hue, Terre Verte, Yellow Ochre, Burnt Sienna, Naples Yellow Hue da Permanent Alizarin Crimson a bututun 37, sai Flake White Hue, wanda shi ne zai fara ƙarewa, a ɗauki babba idan an samu. Daga jerin ƙwararru, jan kadmiyam mai haske da rawayan kadmiyam. Cobalt Blue Hue ana iya barinsa, tunda ultramarin da ɗan fari suna kai mutum kusa da shi. Ivory Black ma yana iya jira har sai hannu ya saba fitar da duhu daga shuɗi da Burnt Sienna.